Wai Maganin Kaifin Ƙwaƙwalwa

'Yan uwana 'yan mata, musamman ku 'yan aji shida da WAEC da NECO ke ƙwanƙwasa muku ƙofa.

Da zarar jarabawa ta ƙarato, sai masu maganin "kaifin ƙwaƙwalwa" su ɓarko kamar fari. Ki je kasuwar Maigatari ranar Alhamis ki ji lasifika a kan mota: wai cokali ɗaya safe da yamma, duk abin da kika karanta ya zauna daram. Wani lubban ne da zuma, wani habbatussauda da zabibi, wani kuma ƙwaya ce a kwalba mai hoton ƙwaƙwalwa, an rubuta mata Ginkgo.

Shi Ginkgo ɗin nan ganyen wata bishiya ce ta ƙasar Sin. A Amurka an gwada shi a kan tsofaffi sama da 3,000 har kimanin shekara 6, a 2008 sakamako ya fito: bai kare su daga ciwon mantuwa ba. Lambar NAFDAC da mai talla ke nuna miki kuwa, shaida ce an duba lafiyar shan maganin, ba wai an tabbatar yana aikin da ake yi masa kirari ba.

Abin da ya sa na ɗauko alƙalami, akwai 'yar ƙanwar babarmu nan Sule Tankarkar. Mahaifinta ya ce in ta faɗi jarabawa ba maimaici, aure zai yi mata. Tsoro ya sa baiwar Allah ta kwashe ribar awararta kaf ta sayo kwalba biyu. Ta sha har ta shanye, amma ina! Ta yi karatu da dare, da safe ya bi iska, ga jiri, ga gyangyaɗi a aji. Sai da Inna ta kai ta asibiti a Gumel aka auna, ashe ƙarancin jini ne. Al'adarta na zuba da yawa, ga shi ba ta karyawa take tafiya makaranta. Aka ba ta maganin ƙarin jini, aka ce ta riƙe wake da zogale da hanta da ƙwai. Kafin jarabawa jirin ya tafi, karatu ya fara zama. Yanzu haka tana kwalejin ilimi ta Gumel.

To kin ji, 'yar uwa. Zuma da zabibi abinci ne masu albarka, ki ci abinki. Amma ko gardin da ke shan rubutu ba ya wanke allonsa sai ya biya ya sake biyawa. Ki yi bita kullum ko da shafi biyu ne, ki karya kumallo, ki samu barci, ki dage da addu'a. In mantuwar ta zo da jiri da kasala, asibiti za ki nufa, ba gindin lasifika ba.

Allah Ya ba mu sa'a, amin. Taku har kullum.