Idan Sabuwar Bindiga Ta Ƙi Tashi

A ƙasar Dambatta da Makoɗa da Bichi, inda gonar wani ta ƙare nan ta wani ta fara. Sai mutum ya yi tafiyar yini bai fita daga cikin gero da dawa da gyaɗa ba, kuma duk kukar da ya gani ko ɗorawa, da mai ita. Dajin da barewa za ta fake ya daɗe da shiga ƙarƙashin garma. Amma duk da haka ba a rasa bindigar toka jingine a bayan ƙyaure, an naɗe kunamarta da tsumma.

Abin da aka fi nema a wurinta yanzu ƙara ce. A buga ta ranar hawan sallah a gaban hakimi, a buga ta ranar naɗin dagaci, 'yan sintiri su saki ɗaya cikin dare don ɓarawon akuya ya san gari ba a barci yake ba. Wannan ba sabon abu ba ne a Kano, domin tarihi ya nuna Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. Sai dai tun da 'yan ta'adda suka fara tsallakowa daga iyakar Katsina suna taɓa ƙauyukan Tsanyawa da Shanono, masu neman ta sun daina kallon ta a matsayin kayan biki kawai.

To, a ce mutum ya sayar da buhun gero, ya kai wa maƙeri kuɗi, ya yi ta sintiri har aka gama masa. Ƙota ta sha mai tana sheƙi. Ya yi ɗuri a gaban abokai, ya ɗaga baki sama, ya ja kunama, sai ka ji ƙas! Ba hayaƙi, ba ƙara, sai dariyar yara.

Ba rasit, ba kwali, ba takardar garanti. Mai bindiga ya san maƙerar da aka yi ta, ya san uban maƙerin, wataƙila ma sahu ɗaya suke tsayawa a masallacin Juma'a. Sai ya cusa ta cikin buhu ko ya naɗe ta a tabarma, ya ɗaure a bayan babur. Hirar da za a yi kuwa kusan iri ɗaya ce ko'ina.

"Baba, aikin nan naka fa ya ba ni kunya a gaban jama'a."

"Subhanallahi! Wane albarushi ka zuba mata?"

Tambayar farko ke nan kullum, kuma ba kullum ne kauce wa laifi ba. Albarushin da ya kwana a ɗakin ƙasa cikin Agusta ya sha raɓa, ko wace bindiga aka ba shi ba zai kama ba. Daga nan sai a zo kan ɗuri: ka cika, ko ka rage, ko ba ka danna ba. Sai an wanke albarushi an wanke mai bindiga, sannan maƙeri zai ajiye masaba ya karɓa ya juya ta a hannu. Galibi matsalar ƙarama ce, ko ƙarfen da ke tura kunama ya yi laushi, ko 'yar kafar da wuta ke bi ta toshe. Yaro ya hau zuga-zugi, kafin la'asar an fita bayan gari an gwada a gaban shaidu. Ba a karɓar kuɗin gyara, sai dai na goro in mai ita ya ga dama. Ba kirki ne kaɗai ya sa haka ba. Maƙerin nan shi ke yi wa gari fartanya da lauje da gatari, kuma labarin bindigar da ta ƙi tashi zai riga shi isa kasuwar Dambatta ranar Lahadi.

A nan ni kam ina yaba wa wannan tsari. Wanda ya sayi sabon injin ban ruwa a birni ya lalace a satin farko, ya san wuyar da ake sha kafin a saurare shi.

Inda tsarin ya gaza shi ne bututu. Yawancinsu daga bututun ƙarfe ake yanko su, wanda ba don wuta aka yi shi ba, kuma ido ba ya ganin tsagar da ke ciki. A Ingila, garin Bamingam da ya yi ta ƙera bindigogin da ake kawowa Afirka ta Yamma ya kafa gidan gwajin bututu tun 1813. Ana yi wa kowane bututu ɗurin da ya wuce ƙima, in ya jure a buga masa hatimi. A nan gida kuwa, hannun mai saye ne gidan gwaji. In bututu ya fashe ya tafi da yatsu, sai ka ji an ce tsautsayi ne, maƙeri ya zo dubiya, magana ta mutu. Ba mai zuwa wurin hukuma, don dokar makamai ta 1959 ta ba kwamishinan 'yan sanda ikon hana riƙe irin wannan bindiga ba tare da lasisi ba, ta kuma ce ƙera ta ko gyara ta sai da izini daga Sufeto Janar. Mai kai ƙara zai iya kwana a ɗaki ɗaya da wanda ya kai.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ta fi tsagar bututu haɗari. Bindiga ta ƙi tashi, sai mai ita ya juyo da bakinta ya leƙa, ko ya hura, alhali wani lokaci wutar ta kama tana ci a hankali. Ɗan'uwa, in taka ta yi maka haka, karkatar da bakinta daga kan mutane, ka dakata sosai, ka kori yara daga wurin. In ka kai wa maƙeri, kafin gaisuwa ta yi nisa ka gaya masa akwai ɗuri a cikinta.