Kwana Uku a Ƙauyen Baƙi

Kowa a Adar ya san yadda shekara ke rabuwa. Da an gama girbi, an ɗaure damma an zuba a rumbu, samari sai su ɗauki jaka su tafi bida, wasu Abijan, wasu Legas, wasu Libiya. Wannan lokacin na sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne kuma lokacin da anasara ke zuwa yawon buɗe ido a da. Namu na fita, nasu na shigowa. Otel ɗin da zan ba ku labarinsa don waɗannan watanni huɗu aka gina shi. Ni kuwa a watan Mayu na kwana cikinsa, tsakiyar bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ko ƙadangare inuwa yake nema.

Kada ku ce na yi arziki. Wani proje ne ya ɗauke mu, mu uku ƴan jami'a, aikin ƙidayar rijiyoyi a ƙauyukan arewa, ya sauke mu can saboda da bazara ana rage kuɗin ɗaki. Duk da ragin, kwana ɗaya ya fi hayar ɗakinmu ta wata. Sunan wurin ba zan faɗa ba. Yana bayan gari, gefen hanyar Agadas, kuma da yawanku kun sha wuce ƙofarsa bisa kabu-kabu.

An tsara shi kamar ƙauye. Ɗakuna goma sha biyu ne zagayayyu masu jinka, kowane da sunan gari: Abalak, Keita, Ingal, Cintabaraden. Ni aka ba Keita. Bakin ƙofa akwai rumbu, da na leƙa sai na ga tankin ruwa ne a ciki. Kusa da teburin karɓar baƙi an aje turmi da taɓarya waɗanda ba su taɓa ganin hatsi ba. Tsakar gida ga tantin fata irin na Buzaye, ga sirdin raƙumi, ga ƙorai an rataye a bango. Ramin ninƙaya kuwa ba ruwa, sai busasshen ganyen dogon yaro. Abokina ya duba ya duba, ya ce: «Wanga ai gidan kakata na, sai dai ita ba ta karɓar ko dala.»

Daren farko wuta ta ɗauke. Ba a tada gurup ba, don man da zai sha ya fi kuɗin baƙi uku. Nan ƙauyen ya nuna halinsa. Na taɓa bango na ji siminti ne aka shafa wa jar ƙasa, ƙarƙashin jinkar kuma kwano ne. Ɗakin laka na gaske yana tsare zafin rana a waje, wannan kuwa tanda ce. Munka ja katifu zuwa tsakar gida, inda munka tarar da ma'aikata sun riga sun shimfiɗa tabarmi. Haka munka kwana dare uku, baƙi da masu gida wuri guda, kuma nan na ji tarihin wurin.

Mai gadi tsoho ne, shi ya fi kowa daɗewa. Ya ba mu labarin zamanin da motocin anasara ke bin hanyar Tawa zuwa Arlit jere-jere, da shekarun da tseren Paris-Dakar ke ratsa Nijar. Sauran labarin mun san shi a takarda, shi kuwa a aljihunsa ya ji shi. A 2000 masu tseren sunka tsaya Yamai, aka kwashe su da jirage zuwa Libiya saboda tsoron hari. A 2007 tawaye ya sake tashi a arewa. A Satumban 2010 aka sace mutum bakwai a Arlit, biyar cikinsu ƴan Faransa. Daga nan taswirar da ƙasashen Turai ke nuna wa matafiyansu ta yi ja a wajenmu. Ya ce rabon da ɗakunan su cika duka tun bikin Tawa Sakola, Disamban 2017.

Na ce: «Baba, to yaushe lokacin baƙi zai dawo?»

Ya yi dariya ya ce: «Ɗana, da can wata huɗu na baƙi, takwas na babu. Yanzu babu ta cinye shekara duka. Abin da ka riƙe mu, taron ƴan proje na, su zo su sha shayi su karɓi kuɗin zama su tahi.»

Su biyar suka rage, a wurin da ya ce da sun haura ashirin. Mai dafa abinci ya gaya mini ƙanensa nan yake aikin kai abinci, har ya yi aure da albashin. Da aka rage ma'aikata ya bi hanyar Libiya, shekara uku ke nan sai dai muryar WhatsApp. Akwai kuma wani maƙerin azurfa da ke zuwa kullum bayan la'asar, ya shimfiɗa baƙin ƙyalle, ya jera sarƙoƙi masu tambarin Agadas da na Tawa, ya zauna har magariba ya naɗe. Kwana ukun da na yi ban ga ya sayar da ko zobe ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wurin har yanzu jira yake. Kowace safiya ana share ƙofa goma sha biyu. Takardar abinci da Faransanci kawai take, ta fara da soyayyen dankalin turawa, alhali abin da ya fi daɗi da na ci can shi ne kifin Tabalak da ma'aikata sunka dafa wa kansu. An ɗauki turminmu da rumbunmu da tantinmu an yi ado da su, amma ba wanda ya taɓa tunanin mu za mu iya zama baƙin. Mu ma in mun wuce ƙofar cewa muke wurin manya ne.

Ga shi kuwa abin kallo na gaske yana nan kewaye da mu. A Yaama, cikin jiharmu, akwai masallacin Juma'a na laka da magini Falke Barmu ya fara a 1962, wanda ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986. Mutanen duniya sun san shi a hoto. Na tambayi ƴan ajinmu, mutum biyu kawai sunka taɓa zuwa. Tabkin Tabalak, tafiyar kilomita 50 daga nan, tun 2005 yana cikin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar ke karewa, tsuntsaye na tasowa daga Turai su sauka kansa. Jami'armu tana ɗauke da sunan Djibo Hamani, wanda ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa, amma mu nawa ne munka taka wuraren da ya ambata?

Na san aljihun ɗalibi, ba sai an gaya mini ba. Ba cewa nike mu kama ɗakin da ya fi ƙarfinmu ba. Lissafi nike: ɗakin da ba kowa ba ya kawo komai, tantin da ba a zama cikinsa rana ce kawai ke cin fatarsa. In mutum talatin sunka haɗa kuɗi kaɗan-kaɗan, mai dafa abinci ya samu aikin yini, maƙeri ya samu masu taya kayansa, ko da da ciniki irin namu. Kowane aiki ɗaya da ya tsira a Tawa, mutum ɗaya ne da bai hau bayan mota ya shiga hamada ba. Masu irin waɗannan wurare su ma sai su sauko: farashin ƴan gida da bazara, takardar abinci da Hausa da Tamashek, in za a ƙara ɗaki kuma a kira maginin laka, tunda muna da su.

Ranar da za mu tafi na tambayi mai kula da wurin nawa zai ba da hayar tantin nan na yini ɗaya, in ƙungiyarmu ta marubuta na son yin karatu a ciki. Ya yi shiru, ya buɗe littafinsa ya rufe, ya ce ba ya da farashin wannan, don ba wanda ya taɓa tambaya. Ya ce mu zo mu yi magana.

To ga magana nan na kawo muku. A taronmu na gaba zan zo da takarda, mai so ya rubuta sunansa da abin da zai iya bayarwa. In mun kai talatin, sai mu je kafin ruwan farko ya sauka. Kowa ya zo da rubutunsa da tabarmarsa, don wuta na iya ɗaukewa.