Cikin Tsohuwar Routemaster

Bas mai bene ta Landan, Routemaster, ta fara ɗaukar fasinja a 1956, ta bar aikin yau da kullum a 2005. A ganina, wajen farfaɗo da ita, gyaran ciki ya fi na inji neman haƙuri. Yadin kujerunta na ulu, mai zanen ja da rawaya da Douglas Scott ya tsara, sai masaƙa ta sake saƙa shi. A kwance kujera ɗaya bayan ɗaya, a kankare tsatsa, a ɗinke. Igiyar ƙararrawa da ke bin rufin hawan ƙasa kuwa, na fi son a wanke ta kawai a mayar, da sulɓin da hannuwan kwandastoci suka bar mata.