Mota Mai Ƙofa Biyu

Jama'a, ina so in ba ku labarin wani abu da na aikata ina da shekara 51 a duniya, wanda har yau mutanen garinmu ba su gama yanke shawara a kansa ba, ko wauta ce ko kuwa taɓin hankali. Ni kaina da na aikata, in an tsare ni da tambaya, sai in yi ta kame-kame. Na sayi mota. To, sayen mota ai ba abin sa wa a jarida ba ne. Amma wadda na saya ta girmi ɗana na fari da shekara goma sha tara, ƙofarta biyu tak, kuma ba ta iya ɗaukar ko buhu biyu na gero.

Asalin abin ya daɗe. A cikin 1982, ina yaro ɗan shekara 11, mahaifina ya ɗauko ni daga ƙauyenmu na ƙasar Gwaram zuwa Birnin Kudu don ya gaida wani malaminsa. A lokacin nan ba a yi Jihar Jigawa ba, sai a 1991, duk muna cikin Kano. Ya bar ni a bakin hanya kusa da tasha ina tsaron jakarsa. Ina nan zaune sai ga wata mota ta zo ta tsaya, kore shar kamar ganyen dawa a tsakiyar damina, ta yi ƙasa-ƙasa, goshinta dogo, bayanta gajere. Motocin Peugeot, waɗanda mu ke kira Fijo, ba baƙi ba ne gare mu a zamanin nan, don kuwa tun 1975 a ke harhaɗa su a Kaduna, kowane babban ma'aikaci da ita ya ke yawo, masu haya kuma su cika ta da mutum har ya zauna kan ɗan'uwansa. Amma wannan, ko da ya ke ga zakin nan nasu a goshinta, ba irin waɗancan ba ce.

Mai ita ya fito, dogon mutum da farar riga, ya buɗe gaban motar, tururi ya tashi. Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, samo mini ruwa." Na sheƙa gidan da ke kusa na aro tulu. Ya jira injin ya huce, ya zuba a lagireto, ya ba ni takardar sule biyar, ya shiga ya tafi. Kafin ya tafi na ɗora tafin hannuna a jikinta, na ji ƙarfen da ɗumi kamar jikin doki da ya dawo daga kilisa. Ban san sunan mutumin nan ba, ban kuma sake ganinsa ba. Duka-duka abin bai wuce rabin sa'a ba.

Tun daga ran nan ba bangon da ya tsira daga gare ni. Na zana ta da gawayi a bangon zaure, na zana ta a bayan littafin lissafi, har malaminmu ya yi mini bulala a kanta. Bayan shekaru, da na zo makaranta a Birnin Kudu, aka kai mu Dutsen Habude da Dutsen Mesa mu ga zanen shanun nan da mutanen dā suka bari a jikin duwatsu, waɗanda ma'aikatan kayan tarihi suka ba duniya labarinsu a shekarun 1950. 'Yan'uwana suna ta buga duwatsun nan masu ƙara kamar kuge, ni kuwa na tsaya ina kallon wata saniya mai dogayen ƙahoni. Na ce a raina, watakila wanda ya zana wannan ma ba tasa ba ce, gani ya yi ta wuce a garken wani.

Sai da na girma na san ko mece ce na gani. Sunanta Peugeot 504 Coupé. Ita 504 da kowa ya sani an fito da ita a Faransa a 1968, har aka zaɓe ta motar shekara ta ƙasashen Turai a 1969. A wannan shekara ta 1969 aka fito da ƙanwarta mai ƙofa biyu, aka yi ta ƙera ta har 1983. Gangar jikinta ba a Faransa a ke yi ba, wani kamfanin Italiya ne mai suna Pininfarina ya ke ƙera shi a wajen birnin Turin, sa'an nan a kai Faransa a sa masa inji. Kaduna ba ta taɓa harhaɗa irinta ba, shi ya sa ba ta da yawa a ƙasar nan. Kuma ba kyau kaɗai gare ta ba. A 1978 wani Bafaranshe, Jean-Pierre Nicolas, ya ci tseren nan mai wuya na ƙasar Kenya da a ke kira Safari da irinta mai babban inji. Watau dai doki ce ta sukuwa a cikin dangin da duk sauransu jakai ne na aiki, ban kuwa faɗi haka don raina jaki ba.

To, sai rayuwa ta yi irin nata. Na zama malamin makaranta, na yi aure, Allah ya ba ni 'ya'ya bakwai. Na yi keke, na yi babur. Mahaifina ya rasu, nauyin gida ya dawo kaina da kan yayana, wanda ya zauna a ƙauye ya riƙe gona. Wanda ya san albashin malamin makaranta ya san ba a ajiye komi a cikinsa sai da dabara. Dabarata ita ce kiwo. Kowace shekara in sayi ɗan maraƙi a kasuwar Sara, in turke shi, in ya yi ƙiba in sayar, in mai da kuɗin kan wani. Da haka na sauke farali, da haka na aurar da 'yata ta fari. A 2022 ina da bijimai biyu a turke da ɗan abin da na tara a adashi, kuma karo na farko a rayuwata ba wani buki ko wata gaggawa da ke jiran kuɗin.

Na ce ba abin da ke jiransu, amma wannan ba gaskiya ba ce ɗungum, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yayana yana da ɗa namiji, saurayi mai hankali, ya gama sakandare ya koyi tuƙi, ya rasa motar da zai ja. Yaya bai taɓa buɗe baki ya roƙe ni ba, ba halinsa ba ne. Sai dai duk sa'ad da na je gida ya kan ce, "Ka ga motocin hayan nan da ke bin hanyar Gwaram zuwa Kano, ba sa rasa fasinja." In ce, "Haka ne, Yaya." Ni na san abin da ya ke nufi, shi ma ya san na sani.

Ana nan sai wani dillali da na daɗe da yi wa zancen ya aiko mini daga Kano cewa an ga irin abin da na ke nema. Mai ita ya rasu, magada suna so su rabu da ita. Na hau mota da asuba, tafiyar mil tamanin ko fiye, ban gaya wa kowa abin da zai kai ni ba. Na same ta a bayan wani tsohon gida ƙarƙashin rumfar kwano, tayoyi huɗu duk a ƙasa, kaji sun mai da kujerar baya wurin ƙwai. Ƙirar 1979 ce. Launinta fari ne da ya koma ruwan ƙasa, ba kore ba. Na zagaya ta sau uku, na ɗora hannu a jikinta, na ji sanyi ƙalau. Duk da haka gabana ya faɗi kamar yadda ya faɗi shekara 40 da suka wuce, har na ji kunyar dillalin.

Ba zan faɗi nawa na biya ba, don uwargida ta iya karatu. Abin da zan ce shi ne bijimai biyun nan sun tafi, adashi ya bi su, kuma a bayan babbar mota aka kawo ta Birnin Kudu kamar mara lafiya.

Da aka sauke ta a ƙofar gida yara suka taru suna sowa. Uwargida ta leƙo, ta dube ta tun daga goshi har wutsiya, ta ce, "Malam, ina sauran ƙofofin?" Na ce haka a ke yin ta. Ta ce, "To, mu tara ne a gidan nan. Wa za a bari?" Ban sami amsa ba, ta koma ciki. Kwana uku tuwona yana zuwa ba man shanu.

A nan ne ya kamata mai karatu wanda ba ɗan ƙasarmu ba ya fahimci girman laifin. A wurinmu motar mutum ba tasa ba ce shi kaɗai. Ita ce ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, ita ce ke ɗaukar 'yan rakiyar amarya, ita ce ke kai mutane ta'aziyya garin da ba a samun haya. Wanda ya sayi mota ya sayo wa unguwa ne, kuma da haka a ke auna shi. Saboda haka mutumin da ya tashi ya sayi mota mai ƙofa biyu kamar ya yi shela ne a kasuwa cewa wannan kam don kaina na saya. Abin da na yi ke nan, ba na kuma iya musu. Shekara talatin ina saye don mutane, ran nan na saya don yaron nan mai tulu.

Gyaranta ya ci wata takwas. Akwai wani tsohon makaniki a garin nan wanda ya yi ƙuruciyarsa a ƙarƙashin Fijo, yanzu zamani ya bar shi, don motocin yau sai an sa musu kwamfuta kafin a san ciwonsu. Da ya buɗe gabanta ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, da tsohuwar zuma a ke magani." Injinta mai silinda huɗu ne, ɗan'uwan na 504 ɗin da ya sani, saboda haka kayansa ba su yi wuyar samu a Kano ba. Na'urar da ke fesa mata mai ce ta gagare shi, ya cire ya sa mata kafireta irin ta sauran. Na san masu son irin motocin nan a Turai za su ce an yi ɓarna, amma su zo su nemo mini kayan waccan a Birnin Kudu. Wahalar duk tana jiki. Gilashinta da fitilunta da ƙofofinta ba wanda ya yi daidai da na Fijon Kaduna. Fitilar baya guda ɗaya sai da na yi wata huɗu ina cigiya, daga ƙarshe wani ɗan garinmu da ke fatauci a Kwatano ya samo mini. Na sa aka yi mata fenti kore.

Ta tashi a farkon 2023. Ban gama murna ba, ran 29 ga Mayu na shekarar aka janye tallafin man fetur, litar da mu ke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Ita kuwa tsohuwar ba ta san an yi haka ba, shanta ta ke yi irin na zamanin da aka haife ta. Sai ya zama ina fito da ita ran Juma'a kaɗai, sauran kwanaki ina kan babur ɗina, ita tana cikin rumfa a lulluɓe. Abokan aikina suka sa mata suna Amarya.

Wanda ya fi damuna shi ne Yaya. Ranar da na fara kai ta ƙauye ya fito ya amsa gaisuwata, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, bai ko dubi inda ta ke ba. Da zan tafi na ce, "Yaya, ba ka sa mata albarka ba." Ya ce, "Allah ya tsare hanya." Shi ke nan. Ɗansa kuwa ya tafi Kano, yana jan motar wani a kan kuɗin da ba su taka kara sun karya ba. Yaron bai taɓa nuna mini komi ba, in ya zo har wanke ta ya ke yi, wannan kuwa ya fi zagi ciwo. Na sake turke maraƙi da niyyarsa, amma yadda kuɗin mota ya tashi yanzu, bijimi biyu ba sa sayen abin da za su saya a 2022. Wannan lissafi na kan yi shi da dare, ba ya kuma fita.

Shekara guda da rabi Yaya bai shiga motar nan ba. In ya zo Birnin Kudu ya gwammace ya biya haya. Sai bayan sallar layya ta 2024 ciwon ido ya matsa masa, aka ba shi rana a babban asibitin tarayya na Birnin Kudu, aka ce ya zo da sassafe. Ran nan ba ranar kasuwa ba ce, mota ba ta fita ƙauyenmu da wuri. Na kwana can, da asuba na tsaya a ƙofar gidansa ban ce komi ba. Ya fito da sandarsa, ya tsaya, ya daɗe. Sa'an nan ya buɗe ƙofa, ya sunkuya, hularsa ta bugi rufi ta faɗi, ya tsince ta yana gunaguni a kan motar da sai mutum ya yi ruku'u kafin ya shiga.

Muka kama hanya, ina tafe a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, don kada a ce. Gari ya fara wayewa, gero ya yi kore dama da hagu, duwatsu suna fitowa daga cikin hazo ɗaya bayan ɗaya, ba kowa a kan kwalta sai mu. Bai yi magana ba har muka wuce Gwaram da nisa. Na ga dai ya sa hannu yana shafa gaban motar, yana kuma karkata kunne ga ƙarar injin. Can sai ya gyara zama, ya riƙe hularsa da hannu ɗaya, bai dube ni ba, ya ce, "Kai, duk kuɗin nan da ka zuba, iyakar gudunta ke nan?"

Na ce, "A'a, Yaya." Na sa giya ta huɗu, na taka totur.