Ziyara A Agadas, Garin Masu Jitar Lantarki

Mai karatu, in aka ambaci Agadas, abin da yakan fara faɗo wa mutum a rai bai wuce raƙuma da gishirin Bilma ba, sai kuma Abzinawa masu rawani da takobi, irin waɗanda muka saba gani suna gadin gidaje da kantuna a Ikko da Badun da Fatakwal. To, amma akwai wani abin da garin ya yi suna da shi har Turai da Amurka, alhali mu maƙwabta ba mu cika saninsa ba, watau kiɗan jitar lantarki. Shi na tafi gani, tun da an ce gani ya kori ji.

Daga Kano akan bi ta Daura a ƙetare iyaka a Kwangwalam, a wuce Matamai a sauka Damagaram. Daga nan zuwa Agadas kimanin kilomita 450 ne, ta kan Tanut da Adarbisinat. Gonakin geron Damargu suna raguwa sannu a hankali har su ƙare, itatuwa su gajarce, ƙasa ta buɗe ba iyaka. Farkon abin da matafiyi zai hango shi ne hasumiyar babban masallaci, ginin ƙasa mai tsawon mita 27 da itatuwa a jikinta kamar ƙayar bushiya. An fara gina ta wajen 1515, aka sake ta cikin 1844, kuma cikin 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya. Fadar Sarkin Abzin tana nan kusa da ita. Bahaushe ba ya baƙunta a Agadas, gama Hausa ce harshen kasuwa da tasha, ko da yake in makaɗi ya buɗe baki zai yi waƙa, galibi da Tamashek zai yi ta.

Asalin Abin

Wannan kiɗa ba a gidan rawa aka haife shi ba, a gudun hijira ne. Farin 1973 da na 1984 sun ƙarar da dabbobin Abzinawa, samari suka watsu neman abinci, waɗansu suka gangaro wajenmu, waɗansu suka nufi Aljeriya da Libiya. Aka riƙa ce musu ishumar, daga kalmar Faransanci mai nufin marasa aikin yi. A can ne, wajen ƙarshen shekarun 1970, Ibrahim ag Alhabib na Mali da abokansa suka fara abin da ya zama ƙungiyar Tinariwen, suka ɗauki salon molon Abzinawa da amon tande suka ɗora wa jita. A Nijar kuwa, wanda ake ɗauka uban wannan kiɗa shi ne Abdallah ag Umbadugu, wanda ya rasu cikin 2020.

Lokacin tawayen da aka fara cikin 1990, waƙoƙin nan a kaset suke yawo daga hannu zuwa hannu, su ne jarida su ne rediyo, kuma wanda aka kama da su ya shiga uku. Da aka sa hannu a yarjejeniyar sulhu ran 24 ga Afrilu 1995, sai jita ta fito fili, ta bar daji ta shiga gidan biki. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Waƙar da a da take kiran mutane ga yaƙi ta koma ta begen gida da soyayya da yabon amarya, kiɗan kuma ya ƙara sauri da ƙarfi domin 'yan rawa.

Abin lura a nan shi ne, tun daga tushe wannan kiɗa bai taɓa sanin dandamali ba. Mutanen da suka ƙirƙiro shi matafiya ne, da batirin mota suke kunna lasifikarsu. Dokar ayari ce ta bi su har yau: kayan da ba su ɗaukuwa ba kaya ba ne. Bambancin kawai, babur ya maye gurbin raƙumi.

Kayan Aiki

Na zauna da wani saurayi makaɗi a zauren gidansu, ya baje mini kayansa a kan tabarma, duka-duka ba su fi ƙarfin babur biyu ba. Ga jita biyu, ga lasifika mai girman akwatin lefe ƙarami, ga makirufo, ga tulin wayoyi da aka ɗaure da tsumma, ga ɗan injin wuta wanda su can suke kira gurup. Sa'an nan ga abin da ya fi ji da shi, wani ɗan akwati baƙi da bai fi littafin makaranta girma ba, mai wuraren takawa da ƙafa. Feda suke ce masa, kamar ta keke.

Ga yadda yake aiki. Jitar lantarki ita kaɗai ba ta da murya, in ka kaɗa ta ba a haɗe ba, wanda ke bakin ƙofa ma ba zai ji ba. Maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi ne ke juya motsinsu ya zama 'yar wutar lantarki, waya ta kai ta lasifika. To, wannan akwati a tsakani yake zama, kamar tafinta tsakanin sarki da baƙo, abin da ya shiga ba shi ke fita ba. In aka taka nan, murya ta yi kauri da gurnani kamar raƙumi ya ga kaya. In aka taka can, kowane sauti ya riƙa maimaita kansa kamar mai kira a tsakanin duwatsu. Wani wurin yakan sa ka ji kamar cikin babban soro ake kiɗan, wani kuma ya sa jita ta riƙa buɗe baki tana rufewa kamar jariri na kuka.

A da, kowace murya da akwatinta da batirinta, sai makaɗi ya jera biyar ko shida a gabansa. Kamfanonin Japan ne suka tara su wuri guda. Boss ya fito da ME-5 cikin 1988, kana cikin 1996 Zoom ya fito da 505, ɗan ƙarami na roba mai araha, wanda ya sa abin ya kai hannun talaka. Haka kuma cikin 2004 Roland ya fito da lasifikar Micro Cube wadda ke aiki da ƙananan batura shida. Ga Bature waɗannan kayan wasa ne na ɗaki ko na bakin titi. Ga mutumin Agadas kuwa su ne jari, domin akwati ɗaya yana nufin waya ɗaya, batir kaɗan, da ƙarancin kafofin da ƙura za ta shiga.

Ƙura kuwa ita ce babbar abokiyar gaba, sai zafi, sai wutar inji mai hawa da sauka. Saurayin nan ya nuna mini wurare uku da mai gyaran rediyo ya liƙe masa da dalma. Ya ce da yawa daga kayan nan kwance ne, daga Libiya ko Aljeriya ko Kano suke zuwa, ko kuwa wanda ya dawo daga wasa a Turai ya sayar ko ya ba ƙanensa. Wanda bai mallaka ba sai ya yi haya, a cire kuɗin daga abin da aka samu. Akwai abin tunani a nan, gama tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, arewa da Agadas, a da kuma ana kai shi Faransa a yi wutar lantarki, ga kuma ɗan ƙasar yana lissafin batir kafin ya karɓi gayyar biki.

Daren Biki

Ba sai an gayyace ka ba, kunne ne jagora. Bayan lisha na bi amon har wani fili a bayan gari. An shimfiɗa tabarmi an yi da'ira, mata a gefe guda cikin baƙaƙen mayafai masu ƙyalli da azurfa a wuya, maza a ɗaya gefen da rawunansu. Samari sun kewaye wurin da babura, waɗansu sun bar fitilunsu a kunne, su ne hasken fage. An kai inji can nesa iyakar tsawon waya don kada ƙararsa ta dame kiɗa, an ɗora lasifika a kan kujera, an aza feda a kan kwali saboda rairayi.

Mutum huɗu ne: mai jitar gaba, mai jitar rakiya, mai jitar ƙasa mai kauri, da mai ganguna irin na Turawa. Suka fara a hankali, muryar jita garau ba gauraye, mai waƙa ya ba da baiti sauran su amsa, mata na tafi. Da aka jima sai mai ganga ya ƙara wuta. Na zuba wa ƙafar mai jitar gaba ido. Ya zare ta daga takalmi, ya taka akwatin nan da babban yatsa sau ɗaya, nan take muryar ta tashi daga ta molo ta koma wata aba mai tsawa, ta cika filin har bangon gidaje na amsawa. Guɗa ta kaure. 'Yan rawa suka riƙa shiga bibbiyu, suna girgiza kafaɗa da hannun riga, ƙura ta turnuƙe, masu liƙi na manna takardun jika a rawanin makaɗi.

Ana tsakiyar haka inji ya yi tari ya mutu. Mai ganga bai tsaya ba, mata ba su bar tafi ba. Kafin a ce me, yaron makaɗa ya zare waya ya soka a wata 'yar lasifika mai batir da ke ajiye a gefe domin irin wannan rana, jita ta dawo da ƙaramar murya har aka tashi injin. Ba wanda ya bar fage. Wani dattijo da ke kusa da ni ya gaya mini cewa makaɗin da ya bari biki ya yi shiru, da wuya a sake kiransa a unguwar, ga shi kuwa masu jita sun yi yawa a garin.

Maganarsa tana da nauyi in aka dubi halin da Agadas ta shiga. Masu yawon buɗe ido, waɗanda a da direbobi da maƙeran azurfa ke ci daga gare su, sun ɗauke ƙafa tun tawaye na biyu cikin 2007. Dokar 2015 ta hana jigilar baƙin haure zuwa Libiya har aka soke ta cikin 2023. Ɗaya daga manyan ma'adinan yankin Arlit ya rufe cikin 2021. Amma aure da suna ba su taɓa tsayawa ba, saboda haka wannan ɗan akwati da lasifika su ne gonar gidaje da dama.

Daga Fili Zuwa Duniya

Daga irin wannan fili manyansu suka fito. Umaru Muktar, wanda aka fi sani da Bombino, ya gudu Burkina Faso lokacin tawayen 2007 bayan an kashe abokan kiɗansa biyu, ya komo cikin 2010 ya yi wasa a gindin hasumiyar nan, kuma faifansa Deran na 2018 ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa cikin takarar lambar Grammy. Ƙungiyar Etran de l'Aïr, watau Taurarin Abzin, 'yan gida ɗaya ne da suka fara cikin 1995 da jita ɗaya ba ta lantarki ba, gangarsu ƙwarya ce a kife cikin ruwa.

Na Mdou Moctar ya fi shafarmu. Bahago ne, jitarsa ta fari da kansa ya harhaɗa ta da wayar birkin keke. Faifansa na fari, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi cikin 2008, da na'urar lanƙwasa murya irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka bazu cikin Sahara daga wayar hannu zuwa wayar hannu, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ji su ya nemo mai su. Ke nan akwai hannun Nijeriya a cikin wannan tuwo, ko da ba mu sani ba.

Abin Da Ake Tsoro

Ba kowa ke murna ba. Tsofaffin mata suna kukan cewa lasifika ta danne tande, watau turmin da akan rufe da fata a kaɗa, da imzad, gogen Abzinawa wanda mata kaɗai ke kaɗawa. Cikin 2013 UNESCO ta sa imzad cikin al'adun duniya da ya kamata a riƙe, amma masu iya shi kaɗan suka rage. Sai dai akwai masu ƙoƙarin haɗa biyun, kamar Fatu Saidi Gali ta ƙauyen Illighadad da 'yan'uwanta, waɗanda ke rera waƙoƙin tande a kan jita.

Manyan makaɗa su ma suna da nasu kukan. Sun ce yaro yakan sayi feda kafin ya koyi jita, ya ɓuya a bayan gurnani, kuma tun da akwatin iri ɗaya ne a hannun kowa, sai muryoyi su zama ɗaya. Na ga alamar gaskiyar wannan a daren nan, gama lokacin da inji ya mutu aka koma ƙaramar lasifika ba ado ba ƙawa, a nan ne aka ji abin da yatsun mutumin suka iya: tsirkiya guda tana ta amo a ƙasa ba fasawa, sauran yatsu suna tsalle a sama kamar mai molo. Wannan ba a sayo shi daga Japan ba.

Wanda Allah ya nufa da zuwa Agadas, ya fara bincika lafiyar hanya wurin direbobin Damagaram, ya kuma zaɓi lokacin sanyi ko bayan Salla, sa'ad da bukukuwa suka fi yawa. In ya ga hasumiya da fada da kasuwar raƙuma da rana, kada ya yi saurin kwanciya. Ya tanadi 'yan canjin liƙi, ya fito ƙofar masauki bayan lisha ya kasa kunne.