Shingen Ɗan Jirgin Ruwa a Girinic

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili in ba 'yan'uwa labarin Girinic, bakin kogin Temis a Landan, inda Sarki Joji na 6 ya buɗe gidan tarihin jiragen ruwa cikin 1937.

Can na ga 'yan jiragen kwaikwayo, inci 1 maimakon ƙafa 4. Wani tsoho mai sassaƙa irinsu ya nuna mini yadda ake kafa shingen gefe, mai hana mutum faɗawa teku. Sai ya huda katako, ya dasa turakun tagulla da hantsaki, ko inci ba su kai ba, sa'an nan ya zura waya kamar gashi. Ya ce in gwada. Hannuna ya yi rawa, turke guda ya karkace, tilas ya warware layin duka. Wallahi har yau ina jin kunyarsa.

Ni ne naka,
Matafiyi.