Bazara a Lambun Kawu

Da sanyin safiyar wata Alhamis ta ƙarshen watan Afrilu na tashi daga Kano, na bi ta Dambatta da Kazaure na nufi Daura, ɗauke da saƙon da ba na son isarwa. Mahaifiyarmu, Allah Ya jiƙanta, ta rasu ta bar rabonta na gado a gonar mahaifinta, a wani ƙauye da bai da nisa da birnin. Kakan namu 'ya'ya uku ya bari, maza biyu da mace ɗaya, saboda haka bayan fitar da tumunin takaba, kashi ɗaya cikin biyar ne nata. Ba ta taɓa neman a yanka mata ba. Ta bar wa yayanta, kawunmu, yana nomawa, shi kuma duk shekara yana aiko mata da buhun gero da solon albasa. Yanzu ƙannena sun ce a sayar. Hujjarsu kuwa ba ta banza ba ce: filaye sun yi daraja a kewayen Daura tun da aka kafa Jami'ar Sufuri ta Tarayya, aka kuma fara aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi wanda zai ratsa ta garin, ga shi kowannenmu yana fama da kuɗin haya da na makarantar yara. Da yake ni ne babba, ni aka ɗora wa faɗa wa Kawu.

Masu fassara sukan daidaita bazara da lokacin nan da ƙanƙara ke narkewa a Turai, itatuwa su yi fure, mutane su fito shan iska. Na sha yi wa ɗalibaina gyara a kan wannan, amma sai da na wuce Kazaure rana ta take, na tuna dalilin gyaran da jikina. Bazararmu ita ce ƙarshen haƙurin ƙasa. Zafi ya haura digiri 40, gonaki sun yi fari fat, babu kore sai na darbejiyar bakin titi da na gawo, awaki sun lafe a gindin katanga. Duk abin da aka girbe a kaka ya ja baya a rumbu, abin da za a shuka kuma yana jiran ruwan da ba wanda ya san ranar saukarsa.

Ban tsaya a cikin birni ba sai don sallar Azahar, amma na bi ta kusa da rijiyar Kusugu kamar yadda nake yi tun ina yaro. Kowa ya san labarin: macijin da ya hana mutanen gari ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, da baƙon nan Bayajidda da ya kashe shi, da aurensa da Sarauniya Daurama. Masana tarihi sun daɗe suna muhawara a kan abin da ke cikinsa na gaskiya da na ƙagawa, kuma ba fagena ba ne. Abin da ya tsaya mini a rai a wannan karon shi ne, labarin asalin garin kansa labarin ruwa ne, da wanda ya tare hanyarsa.

Gonar Kawu biyu ce a haɗe. Ta sama jigawa ce, rairayi zalla, inda ake noman gero da dawa da wake da gyaɗa da damina. Daga nan ƙasa ta gangara zuwa 'yar fadama, inda lambun yake. Idan an yi masa kyakkyawan zato ya kai rabin kadada. A nan na tarar da shi da La'asar sakaliya, wando a naɗe, yana buɗe wa ruwa hanya da fartanya daga wannan komi zuwa wancan. Na ce, "Kawu, sannunku da aiki." Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Lale marhabin da mutanen boko. Tuɓe takalmin nan ka riƙe mini tiyo." Gaisuwa sai da injin ya mutu.

Ina ƙarami da jigo ake ban-ruwa a wannan lambu, guga ɗaya bayan ɗaya, tun asuba har hantsi. Ƙananan injuna sun yaɗu ne a fadamun Arewa musamman daga farkon shekarun 1990, lokacin shirin Fadama na ƙasa da Bankin Duniya ya tallafa wa, kuma ba ƙaramin sauƙi suka kawo ba. Sai dai kowane sauƙi da kuɗinsa. Jigo ƙarfin damtse yake ci, inji kuwa fetur. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai Naira 200 ba ta yi ta hawa har ta haura Naira 1,000 a ƙarshen 2024. Wasu maƙwabtan Kawu sun mayar da injunansu masu amfani da iskar gas ta girki, wani mai hali a cikinsu ya kafa na hasken rana. Shi Kawu rage yawan komayen ya yi, ya kuma daina ban-ruwa da rana, sai da asuba da yamma lis, don kada rana ta raba shi da abin da ya saya da tsada.

Matsala ta biyu ta fi ta farko wuyar sha'ani. Injin da ke zuƙo ruwa daga sama yana da iyaka: da zarar zurfin ruwan ya wuce mita 7 zuwa 8, ba zai jawo shi ba komai ƙarfinsa. A watan Disamba ruwan fadamar yana kusa. Kafin Afrilu ya gudu ƙasa. Dabarar manoma ita ce su haƙa rami a bakin rijiyar su sauke injin a ciki, su bi ruwan zuwa inda ya tafi. Ramin Kawu ya kai tsayin mutum, an yi masa matakala a jikin ƙasa. Ya nuna mini inda injin yake zama shekarun baya, da inda yake zama yanzu, bai ce komai ba. Ni ma ban ce ba.

Tumatir ya riga ya ƙare. Zafin bazara yana zubar masa da fure, abin da ya rage kuma ƙwaron nan da manoma ke kira sharon, wanda ya yi wa tumatirin Arewa kaca-kaca a 2016, ya ƙarasa shi. Wanda aka tsinka a lokacin da kasuwa ta cika farashi ya faɗi, ba a kai shi ko'ina ba. Inna, matar Kawu, ita da surukarta suka yanyanka suka shanya ya zama kauɗa, yana cikin buhuna a ɗaka yana jiran damina, sa'ad da ɗanyen zai gagari talaka. Abin da ya rage kore a lambun shi ne attaruhu da tattasai, da 'yan komayen alayyafo da rama da kuɓewa, da jerin zogale a gefe. Waɗannan su ne kuɗin cefane. Kowace safiya jikan Kawu yakan ɗaura dami biyu ko uku a bayan babur ya kai cikin gari, ya dawo da gishiri da sabulu, da litar fetur ta gobe.

Albasa ce dukiyar gidan, kuma a kanta na ga lissafin da ban taɓa gani a ɗakin taro ba. An cire ta makonni kaɗan kafin zuwana. A wannan lokaci kowa ya cire tasa, dillalai suna taya ta yadda suka ga dama. Wanda ya iya ajiye ta a rumfar kara mai shan iska, a ɗage daga ƙasa, har damina ta yi nisa, zai sayar da riba mai kyau, idan ruɓa da tsiro ba su cinye masa rabi ba. Amma kuɗin takin zamani da na iri yanzu ake bukatarsu, ba sai an jima ba. Saboda haka duk daren da na kwana a gidan, bayan tuwon gero da miyar kuka, zancen ɗaya ne tsakanin Kawu da babban ɗansa, taubashina: buhu nawa za a sayar, buhu nawa za a ajiye, ko kuwa a kai ɗan bijimin gidan kasuwar Mai'adua ranar Lahadi a bar albasar ta kwanta. Amma idan bijimin ya tafi, da me za a ja amalanke? Ba su da takarda, ba su da biro. Na zauna ina saurare da digirina uku, ban samu gurbin da zan sa baki ba. Ko lawashin ba a zubar ba; an daka shi an cura an shanya ya zama gabu.

Washegari Juma'a da sassafe muka hau tudu, inda ɗaya rabin aikin bazara yake. Ana sharar gona: a tattara tushiyar karan bara, a sare sabara da ta tofo, a tara a ƙone. Amalanke tana ta jigilar taki daga turken gida, ana zubewa tsibi-tsibi a faɗin gonar, sai dab da shuka a baje. Taubashina ya miƙo mini manjagara yana dariya, ya ce, "Dakta, ga alƙalamin namu." Ban yi rabin awa ba tafin hannuna ya yi ƙanta, yaran gidan kuma suka samu abin labari na shekara.

Na huta a ƙarƙashin gawo. Bishiya ce mai saɓa wa 'yan'uwanta: da rani take ganye, da damina ta kaɗe shi, don haka ba ta tare wa shuka rana, ganyen da ta zubar ya zama taki, 'ya'yanta kuma abincin dabbobi ne a lokacin da babu ciyawa. Geron gindin gawo ko makaho ya shafa ya san daban yake. A gonar Kawu akwai manya guda uku da ya gada, da ƙanana da dama da ya hana a sare, ya yi musu sassaka ya bar reshe ɗaya ko biyu su miƙe. Ya ce a wurin dangi na hayin iyaka ya gani. Daga Kongolam, da an tsallaka Ɗan Barto an nufi Matamaye, gonaki cike suke da gawo. Tun daga shekarun 1980 manoman jihohin Maraɗi da Damagaram suka rungumi wannan dabara ta barin kututture ya sake tofowa, wadda suke kira sassaben zamani, kuma an ƙiyasta ta farfaɗo da ƙasa kimanin kadada miliyan 5. Mu a nan mun fi sabawa da bikin dashen itace, a ɗauki hoto, akuya ta cinye dashen kafin mako ya zagayo.

A gindin gawon nan aka yi gardamar binne. Taubashina yana so a binne irin gero a busasshiyar ƙasa tun yanzu, ruwan farko ya tarar da shi a ciki, a riga kowa samun tumu. Kawu ya ƙi. Ya ce ya sha ganin ruwan farko ya yaudari mutane: ya sauka ya tsirar da iri, sannan ya ɗauke mako uku, rana ta ƙone tsiron, a koma neman wani irin a kasuwa da tsada. Ɗan ya ce shamuwa ta iso, iska ta juya tana busowa daga kudu, ga gawo ya fara kaɗe ganye. Watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama. Uban ya ce alama ba ta jiƙa ƙasa. A ƙarshe suka raba: za a binne gefen gangare, a bar sauran sai an yi ruwan shuka. A ƙasar da damina da ƙyar take cika wata huɗu, kuskuren mako biyu yana iya zama bambancin rumbu cike da rumbu rabi.

Kwana biyu ke nan ban isar da saƙona ba. Na yi niyya bayan sallar Juma'a, baƙi suka zo. Na yi niyya da daddare, zancen albasa ya hana, ko kuma in ce na fake da shi.

Ranar Asabar da asuba Kawu ya tashe ni, ya ce in raka shi lambu. Bai tayar da injin ba. Ya wuce gaba ina biye, har bakin wata tsohuwar aduwa, ya tsaya ya nuna da sandarsa: daga aduwar, a bi jerin gamba, har zuwa zogalen can. Ya ce, "Tun ranar da aka yi rabo, wannan ne na mahaifiyarka. Ban taɓa mantawa ba, kuma na nuna wa yarana don kada in mutu su ci haram." Na bi layin da ido. Ramin injin da rijiyar suna ciki.

Ya ce ƙanwata ta riga ta buga wa Inna waya tun makon jiya, saboda haka ya san abin da ya kawo ni. Ya ce haƙƙinmu ne, ba ya jayayya da abin da Allah Ya raba. Abu ɗaya ya roƙa: idan mun tsayar da shawara, mu fara yi masa tayi kafin bare, mu kuma ba shi zuwa bayan kaka, ya ga abin da albasa da gero za su yi. Na ce, "Kawu, ai ba a kai nan ba." Ya ce, "An kai, ɗana. Riƙe tiyon."

Na san wanda zai saya idan ba shi ba. Ba manomi ba ne. Zai kewaye wurin da bulo, ya rubuta lambar waya a jikin katanga, ya jira farashi ya ƙara hawa, kamar sauran katangun da na wuce a hanyar shigowa gari, waɗanda babu abin da ke cikinsu sai tumfafiya. Na kuma san ƙanwata ba ƙarya take yi ba da ta ce an koro 'ya'yanta biyu daga makaranta a zangon da ya wuce.

Da hantsi na yi sallama. An sa mini solon albasa a bayan mota, daidai irin wanda ake aika wa mahaifiyarmu, da ƙullin kauɗa da gabu daga Inna. Na ce a rage, Kawu ya ce ba nawa ba ne ni kaɗai, a raba wa ƙannena. Ina dab da Kazaure na hangi hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta kwashi ƙura ta rufe titi har sai da na kunna fitila. Na tsaya a gefen hanya na kira taubashina in ji ko ya sauka a wajensu. Ya ce ko ɗigo babu, iska ce kawai, har ta yaye musu gefen rumfar albasa, suna kan ɗaurewa.